Yadda ake gane limamin Buddha na bogi mai neman tallafi a intanet

Abu ɗaya ne ya fi muhimmanci a wannan batu. A tafarkin Theravada, wato reshen addinin Buddha da aka fi bi a Tailan da Siri Lanka, dokoki 227 ke kan limami, ciki har da haramcin karɓar kuɗi da hannunsa. Wani mabiyi da ake kira kappiya ne ke riƙe masa. Saboda haka duk wanda ya turo maka lambar asusunsa a Facebook yana matsa maka ka biya yau, ka yi hattara. Rigar ruwan goro da askin ƙwal-kwabo ba shaida ba ce, ko a kasuwa ana sayen rigar.

Tambayi sunan gidan ibadarsa da na shugabansu, ka nemo lambar gidan da kanka, ka kira. In za ka bayar, tura wa asusun gidan ibadar kai tsaye.