Tambaya: yaya ake tafiya da sandar sinuka mai tsada a jirgi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka saba tafiya da sandunansu ku taimaka min da shawara. Ina zaune a Maryland ne, watan Disamba in Allah ya kai mu zan je gida Kano in yi wata biyu, kuma gaskiya ba zan iya wata biyu ban buga ba, duk wanda ya saba da sandarsa ya san yadda hannu yake ƙin wata. Tawa aikin hannu ce, a wurin wani dattijo na saya dala 2,600, sai da na kusa shekara biyu ina tari, ga rabin gaba na kabon da na ƙara mata ga kuma sandar fasawa, wadda ake bugun farko na watsa ƙwallaye da ita, in an haɗa duka za su kai dala 3,500. Ba jirgin da yake tashi daga Amurka kai tsaye zuwa Kano, dole sai na canza a hanya, shi ne abin da yake hana ni barci. Za su bar ni in shiga da ita a hannu? In ba za su bari ba ya zan shirya ta? Wanda ya taɓa yi ya faɗa min don Allah.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar shiga da ita a hannu cire ta daga ranka tun yanzu, TSA, hukumar binciken fasinja a filayen jirgin Amurka, sun rubuta ƙarara sandar sinuka ba ta shiga cikin jirgi a hannu, sai dai a kayan awo, don a wurinsu kulki ce. A 2013 sun taɓa sanarwa za su sassauta, har da ƙananan wuƙaƙe da sandunan golf guda biyu, ma'aikatan cikin jirgi suka tayar da ƙura saboda wuƙaƙen, zuwa watan Yuni aka janye maganar gaba ɗaya har da tamu. Don haka kar wani ya ce maka ai an halatta, tsohon labari ya ji.

Ni kusan duk shekara ina zuwa Las Vegas gasar APA, ƙungiyar masu buga wasan a Amurka, ga yadda nake yi. Sandar tana cikin kubenta mai tauri, ba na leda mai laushi ba, na ɗaura murfin mahaɗa a kowane rabi, sannan na cusa safa ko tsumma a saman kuben yadda in ka girgiza ba za ka ji motsi ba, don yawancin ɓarna daga wannan ƙwas-ƙwas ɗin take, fenti ya karce ko baki ya tsage. Sai in sa kuben a tsakiyar babban akwati, kaya a ƙasa kaya a sama, wanduna jins da rigunan sanyi su zagaye shi. Kar ka kuskura ka ba da kuben shi kaɗai a awo, duk wanda ya gan shi a kan bel ya san abin da yake ciki, kuma shi ne zai fara makalewa a inji.

Amma ka auna kafin ka sayi akwati. Sanda inci 58 ce, kowane rabi 29, kube kuwa yana wuce 30 da ɗan wani abu, akwatuna da yawa da ake cewa manya ba ya shiga ko an karkace shi, ni sai da na koma doguwar jaka mai taya mai ƙasa mai tauri. Kuma yawancin jirage tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kar su wuce santimita 158, nauyi kilo 23, in ka wuce sai ka biya. Kwaɗo ka sa irin wanda TSA suke da mabuɗinsa, in ba haka ba yankewa za su yi.

Auta:
Yaya ni shawarata ka bar ta a Maryland. Ka sayi ta dala 150 ka tafi da ita, in za ka dawo ka bar wa ƙannenka, sun ji daɗi kai ma hankalinka kwance. Stephen Hendry fa da sanda ɗaya ya ci kofin duniya sau bakwai, ta fam 40 da yake riƙe da ita tun yana yaro, a 2003 yana dawowa daga Thailand aka karya ta a kayan jirgi. In an yi wa irin wannan mutumin to mu su wa. Ni kaina na taɓa roƙo a wani filin jirgi aka bar ni na wuce da tawa a hannu ina ta murna, da muka sauka wurin canza jirgi aka sake bincike suka ce ba ta wucewa, lokaci ya ƙure ba damar komawa awo, haka na bar ta a wurin ina ji ina gani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Anti Mai Tikiti:
Ƙanina bari in faɗa maka ɓangaren kuɗin tunda na daɗe ina harkar tikiti kuma kullum sai abu ya faru mutane suke zuwa suna kuka. Tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa irin taka yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce take aiki, Amurka da Najeriya duk suna ciki. Iyakar abin da kamfanin jirgi zai biya in kaya sun ɓata ko sun lalace SDR 1,519 ne (SDR ma'aunin kuɗi ne na asusun IMF) tun ƙarshen Disamban 2024, wajen dala dubu biyu ke nan, kuma ka lura da kyau, na fasinja ɗaya ne, ba na kowane akwati ba. Wato in akwatin ya salwanta da sandunanka na 3,500 da tsarabar su Hajiya da takalman yara duk a cikin dubu biyun nan za a lissafa, shi ma sai ka kawo shaidar kuɗin da ka saya.

Akwai hanyar ɗaga iyakar, a wurin awo ka ce kana so ka bayyana darajar kayanka ka biya ƙari, amma kira su tun kafin ranar don kowane kamfani da sharaɗinsa. Ko ka duba inshorar gidan da kake haya a can, wasu suna bari a ƙara kaya mai tsada da sunansa ya bi ka duk inda ka je. Rasit ɗin dattijon nan in kana da shi ɗauki hotonsa, ka ɗauki sandar ta ko'ina, ka ɗauki bidiyo lokacin da kake rufe akwatin.

Abu mafi muhimmanci, in ka sauka kar zumuɗin ganin 'yan'uwa ya fitar da kai waje. Buɗe akwatin nan a wurin ɗaukar kaya ka duba, in da matsala ka je teburinsu ka cike fom ɗin da suke kira PIR kafin ka fita. Lalacewa kwana 7 kawai gare ka ka shigar da ƙorafi a rubuce, jinkiri kwana 21. Mutanenmu sai su ce bari a huta tukuna, a yi sati biyu ana gaishe-gaishe, shi ke nan haƙƙi ya tafi.

Malam Na Bronx:
Duk sun faɗi gaskiya amma akwai abu biyu da ba a taɓo ba. Ka ce aikin hannu ce kuma a wurin dattijo ka saya, to ka tabbatar farin adon da yake jikinta da zoben bakinta ba hauren giwa ba ne, tsofaffin sanduna masu tsada da yawa da shi aka yi su. In haure ne magana ta koma ta kwastam da CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da sassan jikinsu, tsallake iyaka da shi ba takarda kwacewa za a yi kuma ba inshorar da za ta biya ka wannan, Amurka ma tun 2016 ta ƙara tsaurara dokar haure. Na biyu hunturu. Itacen maple da ake yin sandunan da shi yana shan danshi yana saki, ka ɗauko ta daga sanyin Maryland ka kai ta Kano a Disamba lokacin da leɓe ma tsagewa yake, in ka isa kar ka buɗe kuben nan take, bar shi ya kwana a ɗaki, kuma kar ka taɓa barin ta a but ɗin mota da rana ko ka jingine ta a bango. Na kabon kam ba ruwansa da wannan.

Ɗan Fagge:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam wallahi maganar haure ba ta taɓa zuwa raina ba, yanzun nan na kira dattijon ya ce zoben baki roba ce amma ƙananan fararen adon gindin yana kyautata zaton haure ne, don haka gindin nan ba inda za shi, zai zauna a gida. Auta ka yi rabin nasara ke nan. Zan nemi gindi mai sauƙin kuɗi wanda mahaɗarsa ta dace da rabin gaba na kabon in tafi da su, tunda dama a gaban ne hannuna ya saba, sandar fasawa kuma in yi amfani da ta gidan sinuka. Anti na ajiye maganar kwana 7 ɗin a waya. Baban Ilham don Allah doguwar jakar taka inci nawa ce daga ciki, kubena na auna 33 ne.