Tikitinmu na Umara ya nuna 7M8: shi ne jirgin nan da ya faɗi a Habasha?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Wata mai kamawa, in Allah Ya kai mu, zan raka Hajiyarmu Umara. Sau ɗaya ta taɓa hawa jirgi, lokacin hajjinta, a babban nan mai bene, kuma har yau tana ba jikokinta labarinsa. Tikitin da na yanka mana ba na kai tsaye ba ne, za mu yada zango mu sauya jirgi. A takardar, ƙarƙashin zangon farko an rubuta 738, ƙarƙashin na biyu kuma 7M8.

Jiya ƙanena ya leƙa takardar ya ce wannan M ɗin MAX ce, wato irin jirgin da ya faɗi a Habasha. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Ni dai na san duk sa'ad da na hau jirgi daga Kano zuwa Legas ɗauko kaya ana cewa 737 ne, ban taɓa sanin suna da iri-iri ba. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni: mene ne bambancin 738 da 7M8, kuma in je a canza mana tikiti ne? Kuɗin canjin ba kaɗan ba ne, amma uwa ta fi kuɗi.

Bazamfare:

Wa alaikumus salam. Malam, jirgi jirgi ne, ajali kuma ko kana kan katifarka zai same ka. Ka yi addu'ar tafiya ka hau abinka.

Baba Makaniki:

Bazamfare, gaskiya ka faɗa game da ajali, amma ilimi yaron nan ya tambaya, a ba shi.

Ɗana Ɗan Kwari, ƙanenka bai yi kuskure ba. 7M8 shi ne Boeing 737 MAX 8, 738 kuma 737-800. Amma zauna in yi maka bayani daga tushe, don na ci abinci a ƙarƙashin cikin jirgin nan shekaru masu yawa bayan na fito daga makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya, har gwiwoyina suka ce sun gaji.

Ka ɗauki 737 kamar gidan gado ne da aka gina tun 1967. Kowane zamani sai a ƙara ɗaki, a canza rufi, a ja wuta, amma harsashin yana nan yadda kakanni suka kafa shi. Faɗin cikinsa bai taɓa canzawa ba: kujeru uku hagu, uku dama, hanya ɗaya a tsakiya. Zuriya huɗu ce.

Ta farko ita ce 100 da 200. Na 100 guda 30 kacal aka ƙera, Lufthansa ta Jamus ta fara aiki da shi a 1968, ban taɓa ganinsa da idona ba. Na 200 ne namu. Nigeria Airways ta yi aiki da shi, Chanchangi ma haka. Injinsa JT8D, siriri dogo kamar taɓarya, manne a ƙarƙashin fiffike. Mutanen Kurna da Birget ba sai an gaya musu ƙararsa ba, in ya tashi sai an dakata da hira. Ga hayaƙi baƙi, ga shan mai kamar ba gobe. Amma ni ina ƙaunarsa, domin kana tsaye a ƙasa za ka buɗe murfin injin ka sa hannu ko'ina, ba ruwanka da tsani.

Riƙe wannan maganar ta tsani, don ita ce makullin labarin gaba ɗaya. Da gangan aka yi jirgin da gajerun ƙafafu. A wancan zamani ƙananan filayen jirgi ba su da injinan loda kaya, sai dai ƙarti su ɗaga akwati su jefa cikin rumbun jirgi da hannu, wasu jiragen ma da matakalarsu a jiki suke yawo. Dabara ce mai kyau a 1967. Daga baya ita ta zama ƙarfen ƙafa.

Zuriya ta biyu ta fito a 1984: 300, sai 400 a 1988, sai 500 a 1990. Kada lambar ta ruɗe ka, ba girma take bi ba. Na 500 ne mafi gajarta, mita 31, na 300 mita 33 da ɗoriya, na 400 ya haura mita 36. Su ne kake hawa zuwa Legas, don kamfanoni irin su Max Air da Azman da Air Peace duk sun yi aiki da 'yan wannan gida. An daina ƙera su a 2000, saboda haka duk wanda ka gani a cikinsu ya ba shekara 20 baya. A nan aka fara shan wahalar gajerun ƙafafu. Sabon injin CFM56 mai ƙiba ne, farfelarsa ta kai mita ɗaya da rabi, in aka rataye shi inda tsohon yake zai taɓa ƙasa. Sai aka tura shi gaba da fiffike, aka kwashe kayan da ke ƙarƙashinsa aka mayar gefe, aka baje gindin murfinsa. Gobe in kana filin Malam Aminu Kano ka dubi bakin injin daga gaba, za ka ga ba da'ira ba ce, ƙasansa a shafe yake kamar ƙwaryar da aka danna a kan yashi.

Ta uku ta zo a ƙarshen 1997: 600, 700, 800, 900. Sabon fiffike mai faɗi, allunan kwamfuta a gaban matuƙa, yawancinsu da lanƙwasa a ƙarshen fiffike mai kallon sama don rage shan mai. Na 600 bai yi kasuwa ba, 69 aka yi. Na 800, wato 738 ɗinka, shi ne dokin aikin gidan. Kusan dubu biyar aka ƙera, tsawonsa mita 39 da rabi, yana ɗaukar har mutum 189 in an matse kujeru. In da za a ce in zaɓi guda in hau ido rufe, shi zan zaɓa.

Sai MAX. A ƙarshen 2010 Airbus, babbar abokiyar gogayyar Boeing, ta sanar za ta sa wa jirginta A320 sabon inji mai tsimin mai. A320 an zana shi a shekarun 1980, dogayen ƙafafu gare shi, babban inji ya shige ƙarƙashinsa salin alin. Da American Airlines, tsohuwar abokiyar cinikin Boeing, ta yi odar Airbus a 2011, sai Boeing ta ga ana neman ƙwace mata kasuwa. Maimakon ta zana sabon jirgi, sai ta koma kan gidan gado. Injin MAX, wato LEAP, farfelarsa ta kai santimita 176, na 800 kuwa 155. Ina za a sa shi? Aka ƙara wa ƙafar gaba tsawon santimita 20, aka sake tura injin gaba da sama.

Matsalar da hakan ya haifar ita ce in hancin jirgi ya ɗaga sosai, iska na tallabar jikin injin ta ƙara ɗaga hancin. Boeing kuma ta yi wa masu saye alkawarin cewa matuƙin 800 zai hau MAX ba tare da an kashe kuɗin sake horar da shi a na'urar kwaikwayon tuƙi ba. Sai aka sa manhaja, MCAS, wadda ke juya ƙaramin fiffiken jela ta danna hanci ƙasa da kanta. A gefen hancin jirgi akwai wasu 'yan ƙarafa guda biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, masu auna ta inda iska ke bugowa. Manhajar ɗaya kawai take saurara. In ya yi ƙarya, ta yarda da shi, ta danna hanci, matuƙi ya ja, ta sake dannawa. Abin da ya fi ɓata mini rai a matsayina na ma'aikaci: ba a ma rubuta ta a littafin matuƙa ba. A aikinmu ko ƙusa ka canza sai ka rubuta ka sa hannu.

Haka jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189. Haka na Habasha ya faɗi kusa da Bishoftu ranar 10 ga Maris 2019, minti shida da tashi daga Adis Ababa, da mutum 157, har da 'yan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Aka dakatar da MAX a duniya baki ɗaya, Amurka ba ta sake shi ba sai Nuwamba 2020.

Gyaran da aka yi: yanzu manhajar tana kwatanta ƙarafan biyu, in suka saɓa da juna sai ta janye hannunta. In ta danna, sau ɗaya take dannawa, kuma ba da ƙarfin da ya fi na matuƙi ba. Horon da aka yi ƙoƙarin kauce masa ya zama dole. Kamfanin Habasha da kansa, wanda ya binne mutanensa, ya dawo da MAX bakin aiki a Fabrairu 2022.

In ni ne, ba zan canza tikitin ba.

Hajiya Mai Tikiti:

Baba, Allah Ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Bari in ƙara ta ɓangarenmu na masu yankan tikiti.

Alhaji Ɗan Kwari, ko ka biya kuɗin canji ba ka da tabbas. Abin da ke jikin tikiti niyyar kamfani ce kawai, ranar tafiya suna iya kawo wani jirgin. Na sha ganin wanda ya gudu daga 7M8 ya koma 738, ya je filin jirgi ya tarar da MAX na jiransa, tunda tsawonsu kusan ɗaya ne, musanya su ba wuya. In kana son karanta lambobin: 733, 734, 735 su ne tsofaffin da Baba ya faɗa, 73G shi ne 700, 73H kuma 800 ne mai lanƙwasar fiffike, 7M9 shi ne MAX 9. A katin da ke aljihun kujera wasu kamfanoni ba sa rubuta MAX, sai ka ga 737-8 kawai ba sifiri biyu. Shi ne dai.

Abin da ya kamata ka sa kuɗinka da hankalinka a kai shi ne kujerar Hajiya. Ka nema mata ta bakin hanya saboda zagayawa, kada ta riƙa tsallake ƙafafun mutane. Kujerun ƙofar gaggawa na saman fiffike sun fi sarari amma ba a ba tsofaffi. Kuma tun yanzu ka sa a rubuta mata keken guragu a filin da za ku sauya jirgi, kyauta ne, kada ta ji kunya. Tafiyar ƙasa a manyan filayen nan ita ke gajiyar da iyayenmu, ba ta sama ba.

Abu Hanifa 09:

Baba, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Kun ce an gyara, to a Janairun 2024 ba MAX ba ne ƙofa ta ɓalle a sama a Amurka? Ni gara in hau tsohon 300 da ya yi shekara 30 yana tashi lafiya.

Baba Makaniki:

Abu Hanifa, tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan wanke Boeing ba. Ranar 5 ga Janairu 2024 ne, jirgin Alaska Airlines, jim kaɗan da tashi daga Fotlan. Amma MAX 9 ne, ba MAX 8 ba, kuma bambancin na da muhimmanci a nan. Na 9 ya fi tsawo, an yanka masa gurbin ƙarin ƙofa a bayan fiffike don kamfanonin da ke cika kujeru. Wanda bai cika ba sai a toshe gurbin da marfi, daga ciki ka ga taga kawai. Wannan marfin ne ya fita, kuma bincike ya nuna jirgin ya bar masana'anta babu ƙusoshi huɗun da ke riƙe shi. Ba laifin zane ba ne, sakacin hannu ne, wanda a wurina ya fi zama abin kunya. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. MAX 8 na yau da kullum, mai ɗaukar har 189, ba shi da wannan gurbin.

Maganar tsohon jirgi kuma, a nan zan saɓa maka kaɗan. Mu ba shekara muka fi ƙirgawa ba, tashi da sauka muke ƙirgawa. Duk hawa sama ana cika cikin jirgi da iska jikinsa ya kumbura, in ya sauko ya saki. Lanƙwasa waya sau dubu ka ga abin da zai faru. A 1988 wani 737-200 a tsibiran Hawai, da ya yi tashi da sauka kusan dubu 90, rufinsa na gaba ya yaye a sama, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙan suka sauke sauran da ransu. Daga nan aka tsaurara dokar duba tsofaffin jirage. Tsohon 300 da ake kai shi babban duba a kan lokaci, a tuɓe shi har ƙashi, lafiyayye ne, na hau kuma zan sake hawa. Amma na yi aiki a wani wuri, ba zan faɗi suna ba, inda jirgi biyu ke tashi ɗaya na kwance a rumfa ana ciro masa kaya ana sa wa 'yan'uwansa, albashinmu kuma wata uku bai zo ba. Ranar da aka matsa mini in sa hannu a kan aikin da ban gani ba na tattara kayan aikina. Lambar da ke jikin jirgin ba za ta taɓa gaya maka wannan ba.

Ɗan Kwari, in kana son gane MAX da idonka tun daga taga: dubi bayan murfin injin, za ka ga an yanka shi tsini-tsini kamar haƙoran zarto, don rage ƙara. A duk gidan 737 shi kaɗai ke da wannan. Kada ka dogara da fiffike mai rabuwa biyu sama da ƙasa, don an sa wa wasu 800 irinsa.

Ɗan Kwari:

Baba, Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ku ladan wannan ilimi. Tikiti na nan yadda yake. Yau da safe na je ofishin da na yanka, an ba Hajiyarmu kujerar bakin hanya a duka jiragen biyu, an kuma rubuta keken, ko da yake da na gaya mata cewa ta yi ita da ta yi Safa da Marwa da ƙafarta ba mai tura ta a keke. Muna dai lallashi.

Ƙanena kuma na ja masa kunne kada ya kuskura ya ambaci Habasha a gabanta. Ita abin da ya dame ta daban ne: ta ji an ce wannan jirgin ba shi da bene, tana tambaya ko ƙaramin kuɗi na biya.