Na fara kwas uku a intanet ban kammala ko ɗaya ba, ina neman shawara

Ɗan Sashen Kuɗi:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wata ma'aikatar jiha, shekara takwas ke nan ina aiki da takardar babbar difloma, kuma tun da na kama aiki ban ƙara wani karatu ba. A bara na yi rajistar kwas uku a Coursera, wato shafin koyon darussa ta intanet, ɗaya kan manhajar lissafi ta Excel, ɗaya kan nazarin bayanai, ɗaya kuma kan rubutun Turanci na ofis, amma duk na tsaya a mako na biyu ko na uku. Ina tashi daga aiki ƙarfe huɗu, in biya ta gidan mahaifiyata, kafin in natsu an yi Isha, sau da yawa kuma an ɗauke wuta. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaran da aka ɗauka bayana sun fi ni iya kwamfuta. Yaya mai aiki da iyali zai yi ya kai ƙarshen kwas? Shin kuma takardar shaidar da ake bayarwa tana amfani wajen ƙarin girma?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin a nan mutane da yawa suke yin asarar kuɗi da lokaci. Takardar Coursera shaida ce ta cewa ka koyi wani abu, amma a aikin gwamnati abin da aka fi dubawa wajen sauya matsayi shi ne digiri ko difloma daga makarantar da hukuma ta amince da ita. Idan ƙarin girma kake nema, ka dubi Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. A can na yi digirina ina da 'ya'ya biyar. Littattafan darasi suna kan shafinsu, ayyukan da ake yi ta intanet suna ɗaukar maki 30, jarrabawar da ake zaunawa a cibiyar karatu kuma maki 70. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Sai dai kada ka fara sai ka rubuta wa ma'aikatarku ka sami amincewa a rubuce, domin na ga wanda ya gama karatu aka ƙi karɓar takardarsa saboda bai nemi izini ba tun farko.

Malamar Makaranta:
Malam, ina ganin tarkon da ka faɗa shi ne haɗa uku lokaci guda, kuma an ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ka ajiye biyu, ka riƙe na Excel, tunda shi ne ya shafi aikin da ke gabanka kullum. Ni ma na daɗe ina farawa ina bari, har sai da na sauya lokaci, na daina jiran dare na koma bayan sallar Asuba, minti arba'in kafin in tashi yara shirin makaranta. Manhajar Coursera ta waya tana bari a sauke bidiyo, don haka nakan sauke darussan mako guda idan na sami data mai sauƙi, in yi cajin waya a wurin aiki. Abin da ya fi riƙe ni shi ne duk darasin da na koya, a ranar nake gwada shi a kan makin ɗalibaina. Haɗa sakamakon aji da yake cinye mini kwana uku ya koma aikin yamma ɗaya. Kai ma ka ɗauki wani lissafi da kake yi da hannu kowane wata ka mai da shi abin gwajinka. Idan kuɗin takarda ya yi maka nauyi, akwai wurin neman tallafi a shafin kwas ɗin, ana rubuta dalili a jira amsa.

Tsohon Ma'aikaci:
Na yarda da Malama, amma zan ƙara abu ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci. Lokacin ofis amana ne, ana biyanka albashi a kansa, saboda haka kada karatun ya sa mai neman fayil ya tsaya yana jiranka kana kallon bidiyo. Gwada abin da ka koya a kan aikin ofis daidai ne, amma bayanan albashin mutane kada ka fita da su zuwa wayarka ko wani shafi.

Ɗan Sashen Kuɗi:
Na gode, Yallaɓai, na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Na soke kwas biyun, zan ci gaba da na Excel daga Asubar gobe, kuma jadawalin alawus na wata-wata zan fara gyarawa a kwamfutar ofis. Takardar neman izinin shiga NOUN kuwa zan kai wa daraktanmu ranar Litinin in Allah ya yarda.