Sau biyar a jere ba shida a ludo: wa ya taɓa gani?

Ɗan Argungu: Jama'a, jiya da dare a majalisarmu na jefa ƙwayoyin ludo sau biyar a jere, ko shida ɗaya ba ta fito ba, alhali abokina har ya kai 'ya'yansa biyu gida. Ƙwaya biyu muke jefawa. A lissafina kowace tana da fuska shida, biyu cikin shida ke nan, wato duk jifa uku in samu ɗaya. Ko dai an yi wa ƙwayar wani abu ne?

Uwar Biyu, Gusau: Ƙanena, kai biyar ma. Yarona na fari ya taɓa yin tara, ya fashe da kuka wai ƙanwarsa ta tofa wa kofin. Sai da na raba faɗa da muciya a hannu.

Malamin Lissafi, Jega: Ɗan'uwa, tarawar da ka yi ce ta yaudare ka. In da haka ake yi, mai ƙwaya shida ba zai taɓa rasa shida ba, kuma yana rasawa. Ƙwaya biyu suna faɗuwa ta hanya 36, wato 6 sau 6. Masu shida a ciki 11 ne, ba 12 ba, don shida-shida ka ƙirga ta sau biyu. Saura 25 babu shida. Rashinta sau biyar a jere kuwa ninkawa ake yi, 25/36 sau 25/36, haka har guda biyar, abin da ya kai kusan 16 cikin 100. In ku shida ne a majalisa, kusan mutum ɗaya zai fara wasa da irin wannan zaman. Na Hajiya ne ya fi tsanani, tara a jere bai kai 4 cikin 100 ba, yaro ya cancanci lallashi.

Na sa ɗalibaina sun zana gidaje 36 ɗin a allo, suka ƙirga da yatsa. Ran nan ne musun ya mutu a aji.

'Yar Zuru: Malam, ni jimla ce ta kayar da ni a jarrabawar gwaji. An tambayi yiwuwar samun 7, na ce daga 2 zuwa 12 lambobi 11 ne, na rubuta 1/11. Ashe 7 na da hanya shida, 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, kowace kuma a juya ta, 12 kuwa hanya ɗaya tak. Har yau abin na ci mini rai.

Baban Ƙaura: Tun muna samari muke cewa wadda ta daɗe ba ta fito ba ta kusa. Malam, ƙarya munka riƙe ke nan?

Malamin Lissafi, Jega: Baba, a gafarce ni, ƙwaya ba ta tuna jifar baya. Ko sau goma aka rasa, ta gaba 11 cikin 36 ce. Irin wannan gardamar ta 'yan caca ce ma ta sa masana lissafi Pascal da Fermat musayar wasiƙu a Faransa a 1654. Mu dai Allah Ya tsare mu da sa kuɗi.

Ɗan Argungu: Amin, Malam, na gamsu. Amma yau da ƙwayoyina zan tafi majalisa.