An ba ni karatun “Ku yi farin ciki”, ni kuwa ina cikin makoki

Uwar Biyu:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Tambaya gare ni, amma don Allah kada a sallame ni da “ki bar wa Allah”, na ji wannan har kunnena ya ƙoshi.

Maigidana ya rasu a watan Agusta bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Yanzu ga makonnin jiran Kirsimeti sun shigo, mai tsara sujada a ikkilisiyarmu ta sa sunana cikin masu karatu na Lahadi ta uku. Da na duba takardar sai na ga Filibiyawa 4:4-7. Wato ni ce zan tsaya gaban jama'a in ce musu su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, in kuma maimaita, don shi ma manzo Bulus sai da ya maimaita. Ba da gangan ta yi ba, bi da bi ake yi, layi ne ya zo kaina.

Ban bar bangaskiya ba. Ina zuwa sujada, ina tashin yara mu yi addu'ar safe. Amma farin ciki kam babu shi. Littafinsa Mai Tsarki yana nan gefen gado yadda ya bar shi, da tabaransa a kai, da takardar magani da ya cusa a tsakiyar Zabura don alama. Ko ƙurar ban iya sharewa ba. In na karanta ayar nan da baki alhali zuciyata ba ta wurin, ba munafunci na yi ba?

Sai ta biyu. Daren da numfashinsa ya fara sarƙewa a asibiti, wata 'yar'uwa ta ja ni gefe ta ce in daina roƙon warkarwa, in miƙa shi ga Ubangiji. Ban miƙa ba. Na kama hannunsa, wanda allurar ƙarin ruwa ta kumbura, ina ta cewa Ubangiji ka bar mini shi, har gari ya waye. Har yau maganarta tana cina. Mene ne ya raba miƙa kai ga nufin Allah da karaya? Don ni a idona, wanda ya miƙa da wanda ya gaji kamanninsu ɗaya.

Tsohon Malami:

'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya yaran da marigayin ya bari.

Kafin ranar Lahadin, ki zauna ki karanta wasiƙar Filibiyawa daga farko har ƙarshe, sura huɗu ce kawai. Za ki ga wanda ya rubuta ayar nan a ɗaure yake. A sura ta 1 yana maganar sarƙoƙinsa, bai ma san ko da rai zai fito ba. A 2:27 ya ce abokin aikinsa Abafaroditas ya yi ciwo kamar zai mutu, Allah ya ji tausayinsa ya tashe shi, don kada shi Bulus ya sha baƙin ciki a kan baƙin ciki. Ki lura da wannan, ya ce a kan baƙin ciki, ashe dama akwai wani a ƙasa. A 3:18 kuma ya ce da hawaye yake rubutu. To, ayoyi kaɗan bayan hawayen nan ne ya ce a yi farin ciki. Bai kuma ce a yi shi don komai yana tafiya daidai ba. Dalilin da ya bayar yana aya ta 5, wato Ubangiji yana kusa. Wannan kuwa gaskiya ne ko kina dariya ko kina kuka, don haka in kin faɗe shi ba ƙarya kika yi ba.

Ita kanta Lahadi ta ukun, wadda a wasu ikkilisiyoyi ake kunna kyandir mai ruwan hoda don alamar murna, akwai abin mamaki a cikinta. A jadawalin karatu na shekara uku-uku da ikkilisiyoyi da yawa ke bi, akwai shekarar da bisharar ranar take Matiyu 11, inda Yahaya Mai Baftisma yana kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a jira wani. Mutumin da ya nuna shi da yatsa a bakin Urdun! Yesu bai tsawata masa ba, ya ce a je a gaya masa abin da ake gani da abin da ake ji, sannan ya juya ya yabe shi a gaban taro. Yahaya kuwa bai fita daga kurkukun nan da rai ba. Magabatanmu sun san da haka sarai, amma suka ajiye labarin a ranar murna.

Mu ne muka mayar da lokacin nan na kiɗa da ado zalla. A kalandar ikkilisiyoyin Yamma, kashegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanas ce, wanda aka jajjefe shi har lahira. Ranar 28 kuma ta yaran Baitalami ce, 'yan shekara biyu zuwa ƙasa, da Hirudus ya sa aka karkashe, inda Matiyu ya ɗauko maganar Irmiya 31:15 a kan Rahila tana kukan 'ya'yanta, ta ƙi rarrashuwa. Hatta tsoho Saminu, da ya rungumi jariri Yesu a Haikali yana yabon Allah, bai bar Maryamu ta tafi ba sai da ya gaya mata takobi zai soki zuciyarta. Kuma wa ke tsaye a wajen? Annabiya Hannatu, wadda shekara 7 kacal ta yi da mijinta ya mutu. Luka ya ce ita ce ta shiga ba masu jiran fansar Urushalima labarin yaron. Saboda haka in mace mai makokin miji ta hau ta yi karatu a wannan lokaci, ba sabon abu ba ne. Ni dai shawarata ki karanta.

Ɗan Mawaƙa:

Baba, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Duk abin da ka kawo daga Littafi haka yake, amma Mama ba ta ce ayar ƙarya ce ba, cewa ta yi ba ta da ƙarfin ɗaukarta. Karin Magana 25:20 ta ce mai raira waƙa ga mai baƙin ciki kamar wanda ya tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi. Romawa 12:15 kuma ba ta ce mai kuka ya daure ya yi murna da masu murna ba, mu aka ce mu yi kuka da shi.

Mama, jerin masu karatu ba dokar Musa ba ne. Ki kira mai tsarawar ki ce bana a ɗauke miki, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ina cikin mawaƙa, daga inda muke zama muna ganin fuskokin jama'a. Duk Disamba akwai masu zama a kujerun baya suna motsa baki ba sauti, da an ce a gaisa da juna sai su sulale waje. Ba mu taɓa shirya musu komai ba, sai dai mu ƙara ƙarfin ganga.

Kaka:

Ɗiyata, maza sun tsaya a kan tambayarki ta farko, ni ta biyun ce ta hana ni barci. Nawa mijin ya daɗe da tafiya, yaran da ya bar mini yanzu da nasu 'ya'yan.

Wannan 'yar'uwa da ta ja ki gefe, na yarda da alheri ta yi nufi, amma ta yi gaggawa. Mutum yana numfashi a ce ki daina roƙo? Dauda bai yi haka ba. Ki duba 2 Sama'ila 12. Muddin yaron yana da rai yana azumi yana kwance a ƙasa, dattawan gidansa suka yi suka yi ya tashi ya ƙi, alhali annabi Natan ya riga ya gaya masa yaron zai mutu. Sai da ya tabbata rai ya yi halinsa sannan ya tashi ya yi wanka ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada. Ubangijinmu ma a Getsamani sai da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, Matiyu ya ce har sau uku, roƙon da miƙawar kuma a numfashi ɗaya suka fito. Ita ma Maryamu da muke ta yabon biyayyarta a makonnin nan, kafin ta ce ita baiwar Ubangiji ce sai da ta tambayi mala'ika yadda abin zai yiwu. Roƙon da kika yi a daren nan ba laifi ba ne, aikinki ne na matarsa, kin kuma yi shi.

Bambancin da kike nema, ga yadda na gan shi a jikina. Da na karaya, shiru na yi wa Allah. Ina zuwa sujada, ina cewa amin, amma ni da shi ba ma magana. Da na fara miƙawa kuwa, baki ne ya buɗe, har da faɗa. Zabura 131 ta kwatanta shi da yaron da aka yaye. Ke uwa ce, kin san yadda yaye yake: uwar ce ta hana shi nono, amma jikinta dai yake komawa ya yi kukan, ba ya zuwa gidan maƙwabta. Tunda har kina tashin yara addu'a, kina kuma tambaya, ba ki karaya ba.

Kada kuma ki ɗauka rana ɗaya ake miƙawa a gama. Na miƙa shi ranar da aka binne shi, na sake ranar da na raba kayansa, ranar auren autarmu ma da na ga gurbinsa sai da na sake. Littafin da tabaran ki bar su inda suke, ba su tare wa kowa hanya ba.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai. Kaka, na karanta naki na yi kukan da na kwana biyu ban yi ba. Baba, na bi wasiƙar daga farko, 2:27 ɗin nan kamar ban taɓa ganinta ba. Ƙanena, kai ma ka yi gaskiya. Na kira mai tsarawar, mun shirya zan hau, amma wata za ta zauna kusa da takardar a hannu, in murya ta ƙi sai ta ƙarasa.

Akwai abin da ban faɗa ba. Babban ɗana, shekararsa 14, ya daina rufe ido in muna addu'a. Yana zama dai, ya harɗe hannu yana kallon bango. Da na yi masa magana sai ya ce, “Mun yi ta roƙo bai ji ba, yanzu kuma me za mu jira?” Ban sami abin ce masa ba.

Tsohon Malami:

Shirin da kuka yi ya yi kyau, ya ma fi shawarata.

Tambayar yaron babba ce, kada a rufe masa baki. Akwai wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, da gwamnatin Hitler ta tsare a kurkukun Tegel da ke birnin Berlin a 1943. A watan Nuwamba na shekarar ya rubuta wa abokinsa cewa zaman kurkuku yana kama da makonnin jiran Kirsimeti: mutum yana jira, yana sa zuciya, yana 'yan kame-kame, amma ƙofa a kulle take, daga waje kaɗai za a iya buɗe ta. A jajibirin Kirsimetin kuma ya rubuta cewa ba abin da zai cike gurbin wanda muke ƙauna, kuma kuskure ne a ce Allah yana cike gurbin, barinsa yake yi a buɗe don zumuncin da ke tsakani ya dore, ko da da zafi. An rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945, saura wata guda yaƙi ya ƙare a Turai. Ƙofar da ya jira ba ta buɗe ta inda ya so ba. Na kawo shi ne don kada mu yi wa yaro alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da aka ce mu jira shi ne tashin matattu da dawowar Almasihu, shi ya sa karatun Lahadi ta farko ba a kan jariri yake ba, a kan zuwansa na biyu ne. Romawa 8:24-25 ta ce abin da ake gani ba a sa zuciya a kansa. In ya ce wannan ya yi masa nisa, ki ce masa ke ma haka.

Ɗan Mawaƙa:

Mama, a kusan shekarunsa na rasa nawa uban, don haka bari in yi magana a madadinsa. Kada ki kai ƙararsa wurin fasto, kada kuma a tara dangi a yi masa addu'a ana dafa kansa, zai ƙara janyewa ne. Tunda yana zuwa ya zauna, ki bar shi da idonsa a buɗe. In kina so, wata safiya ki karanta Zabura 88 ba tare da kin ƙara komai ba, ya ji cewa akwai addu'a a cikin Littafi da ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a kuma cire ta ba.

Ni ba wa'azi ne ya riƙe ni ba. Wani dattijo ne mai kula da na'urar sauti ya ce in riƙa zuwa da wuri ina taya shi naɗe wayoyi da gwada makirfo. Bai taɓa tambayata ko ina addu'a ba, sai dai in mun gama ya ba ni labarin yadda shi da babana suka yi ƙuruciya. Akwai wani namiji babba a ikkilisiyarku, ko cikin abokan marigayin, da yaron yake sakewa da shi? In akwai, ki same shi ke kaɗai ki yi masa magana kafin Kirsimeti.