Ƙungiyar unguwarmu za ta cika shekara 25, anko za mu yi ko tarihi?

Ɗan Cikin Badala:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙungiyar unguwarmu, nan cikin birnin Kano ba nisa da kasuwar Kurmi, za ta cika shekara 25 bayan babbar sallah kuma ni aka ɗorawa sakataren kwamitin biki. Tun asali dan aikin gayya aka kafa ta, yasar kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, sintiri da daddare, in taransifoma ta ƙone a bi gida gida a haɗa kuɗi. To yanzu an yi karo-karo an tara ɗan abin da ya samu sai rigima ta tashi a wajen mitin. Samari sun ce anko, gasar ƙwallo da kofi, rumfa da kujeru, a gayyato ɗan siyasa a ba shi lambar yabo ko zai ɗan yi motsi. Ni kuma abin da ke cina daban ne, watan jiya muka binne wani tsoho da ya haura casa'in, mutumin da in ya zauna a dakalin ƙofar gidansa zai lissafa maka wa ya gina kowane soro a layin nan, ina rijiya take, ina kududdufin da aka cike aka yi shaguna a kai, ya tafi da abinsa ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa ko a waya. Da na ce a ware wani abu a rubuta tarihin unguwa sai wani ya ce min wai tarihi za mu ci? aka yi ta dariya. Akwai wanda unguwarsu ta taɓa yin irin wannan? Ta ina ake farawa?

Malami Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah. Ɗana kana kan hanya, kada dariyarsu ta karya maka gwiwa. Ka fara da sunan unguwar taku, domin a birnin nan sunan kansa rabin tarihi ne. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, kowanne yana gaya maka daga ina mutanen suka zo. Ayagi Yarbawa ne suka zauna. Dandalin Turawa kuwa yara suna zaton Nasara ake nufi, alhali Larabawa ne fatake masu zuwa ta hamada, su ake cewa Turawa kafin 1903. Alfindiki daga Larabci ne, masaukin fatake. Wasu kuma sana'a ce ta ba su suna, Dukawa, Soron Ɗinki. Tunda kuna kusa da Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da wuya a ce kasuwar nan ba ita ta zaunar da kakanninku a gurin ba. Ka leƙa Gidan Makama ka ga tsofaffin hotuna, za ka sha mamaki. Kuma ka yi sauri, ka ga dai Ƙofar Na'isa, a 2010 aka rushe ta dan faɗaɗa titi aka maida ta siminti, yaron da aka haifa bayan nan bai san ta ƙasa ba sai a hoto.

Maman Biyu:
Baba Malam gaskiyarka, amma ni bari in ja kunnen mai tambaya. Yaya ka bi a hankali wlh, tarihin unguwa ba ƙaramin tonon silili bane. Mu a tamu unguwar an gwada, aka buga ɗan littafi aka rubuta gida kaza su suka fara zama, gida kaza kuma zuwa suka yi a ƙarƙashin wane, to ka san me wannan maganar take nufi a garin nan, har baiko sai da aka fasa, tsofaffi biyu suka daina gaisawa a masallaci har ɗaya ya rasu. Maganar asali ka barta inda ka ganta. Ka tambayi sana'a, wasanni, tashe, yadda ake biki, wa ke da karofi wa ke da maƙera, waɗannan kowa zai ba ka da daɗin rai. Sannan ku maza kullum sai ku tafi gun limami da mai unguwa ku manta da cikin gida, alhali tsohuwar da ta yi shekara 60 tana saida ƙosai da koko ta san wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, ungozoma ma haka. Ku tura 'yan mata biyu masu hankali su shiga, da goro da turare, kada ku je hannu rabbana. Anko kuma ku barwa mutane abinsu, ai kowa da kuɗinsa zai saya ba na ƙungiya ba.

Kyaftin:
Hhhh ni dai ina bayan samari. Yallaɓai sakatare su waye ke shiga kwata har gwiwa in damina ta zo? Su waye ke kwana da tocila da gora kuna bacci? Rana ɗaya tak a shekara 25 sun ce a buga musu ƙwallo sai a ce a zauna lacca. In ka cire ƙwallo ba wanda zai zo sai masu furfura, su kuma dama sun san labarin. Kuma ni ban ga abin kashe kuɗi a naka ba, waya ce fa da memori, ka samu yaran da ke yini a TikTok ka ce su ɗauki tsofaffin bidiyo, su yanka shi gajeru, ranar biki bayan isha'i a haska a bango da majigi. Ka sawa kofin ƙwallon sunan tsohon nan da ya rasu in iyalansa sun yarda, za ka ga yadda yara za su fara tambayar wai shi waye.

Malami Mai Ritaya:
Yaron nan ya fi ni dabara. Abu ɗaya zan ƙara, kafin ku kunna waya a gaban kowa ku fara kai gaisuwa gun mai unguwa ya san da zancen, shi zai buɗe muku ƙofofin da ba za ku iya ba. In tsofaffi biyu sun saɓa a labari kada ka yi alƙalanci, rubuta wane ya ce kaza wane ya ce kaza. Kuma ku ajiye a guri sama da ɗaya, na ga yadda waya ɗaya ta faɗa ruwa ta tafi da hotunan gida guda.

Ɗan Cikin Badala:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya maganar baikon nan ta tsorata ni, na goge tambayoyi uku daga takardata. Kyaftin na karɓi taka, amma lambar yabon ɗan siyasa kam sai mun sake fafatawa ranar Juma'a. Jiya na zauna na lissafa waɗanda suka haura tamanin a unguwar, bakwai ne, biyar mata, ɗaya ma tana kwance ba lafiya. Da ita za mu fara gobe bayan la'asar in jikokinta sun amince. Wa ya san inda ake bada hayar majigi mai sauƙi a cikin gari?