Neman shawara: ziyarar yini ɗaya daga Malaga zuwa Jibralta

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Malaga, kudancin Sifaniya, kuma mahaifiyata ta zo mana ziyara daga Kano. Tun ranar da ta ji cewa sunan Jibralta daga Jabal Ɗariƙ ya samo asali, wato dutsen Ɗariƙ bn Ziyad wanda ya tsallako teku da rundunarsa daga arewacin Afirka a shekarar 711, ta ƙwallafa rai sai ta ga wurin da idonta. Shin yini ɗaya zai ishe mu zuwa da dawowa, kuma da mota ya kamata mu shiga ko da ƙafa? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba na so in wahalar da ita.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin maganar mota, Malam, a fara duba takardu, domin Jibralta a hannun Birtaniya take tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713, kuma dokar shigarta daban ce da ta Sifaniya. Lokacin da muka je a 2023, a gabana aka mayar da abokin tafiyarmu daga bakin iyaka saboda bizar Schengen, wato ta shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai, kaɗai ke cikin fasfonsa na Najeriya, ya yini a La Línea, garin Sifaniya da ke bakin iyakar, yana hangen dutsen daga nesa har muka fito. A watan Yunin 2025 Birtaniya da Tarayyar Turai sun sanar da cimma matsaya kan cire shingen binciken da ke iyakar, saboda haka ka tuntuɓi hukumar kula da iyakokin Jibralta ka ji ƙa'idar da ke aiki a ranar tafiyarku, ka kuma duba ko bizar Hajiya ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da fita.

Maman Hanifa:
Idan takardu sun kammala, yini ɗaya ya wadatar, tunda duk faɗin ƙasar bai kai murabba'in kilomita 7 ba. Ku yi sammako bayan asuba, ku ajiye mota a La Línea, ku tsallaka da ƙafa, domin layin motoci kan cinye wa mutum safiyarsa. Da kun wuce iyaka za ku taka titin saukar jiragen sama, wanda ake tare masu tafiya a bakinsa duk lokacin da jirgi zai sauka ko zai tashi, sannan akwai bas da ke kai mutane cikin gari.

Saboda gwiwar Hajiya, kada ku yi tunanin hawa da ƙafa, don tsayin dutsen mita 426 ne. Ku ɗauki tasin masu yawon buɗe ido, zai kai ku kogon St Michael da wurin birai. Biran nan kuwa ba su da tsoron mutum ko kaɗan. Ina tsaye ina gyara mayafi wani ya dira a kafaɗata, ya zura hannu cikin jakata ya zare ƙullin dabino, ya koma kan katanga yana ɓarewa yana kallona. Kada a riƙe leda a hannu, kuma ba su abinci laifi ne da ake cin tara a kansa.

Amma inda zuciyata ta fi natsuwa shi ne Europa Point, can ƙarshen kudu, inda masallacin Ibrahim al-Ibrahim yake, wanda Sarki Fahad na Saudiyya ya gina aka buɗe a 1997. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa, kuma idan gari ya washe Hajiya za ta idar da salla ta fito ta hangi duwatsun Maroko a tsallaken ruwa.

Malam Mai Tarihi:
Na yarda da Maman Hanifa, sai dai ban so a ƙare ziyarar a kan birai ba. Tunda tarihi ne ya ja Hajiya, a roƙi direba ya tsaya a tsohuwar ganuwar Musulmi da ke saman gari, wadda aka sake gina hasumiyarta a ƙarni na 14 bayan Sarkin Maroko Abul Hasan ya karɓe garin a 1333. Har yau ana ganin tabon harin da aka kai mata a jikin bango. Abincin halal ma ba zai yi muku wuya ba, domin Marokawa da yawa sun zo aiki bayan Franco, shugaban Sifaniya na lokacin, ya rufe iyakar a 1969, kuma zuriyarsu na nan. Ku riƙe fam na Ingila, don ana karɓar yuro amma canjin ba ya daɗi.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba fasfon Hajiya yanzu, bizar ta shiga sau ɗaya ce, don haka gobe zan rubuta wa hukumar kafin in sa rana. Idan sun ba da dama, ranar Juma'a za mu je, mu fara da ganuwar da safe, mu sauko masallaci kafin huɗuba.